Darasi na 12: Allura Marar Tsini

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda magani ke ratsa fata ba tare da tsinin ƙarfe ba;
2. ba da labarin na'urar da aka yi lambar agana da ita a ƙasar nan, da dalilin da ya sa aka ajiye ta;
3. bambanta na'urar da ta riga ta iso asibitocinmu da wadda har yanzu masana ke gwadawa;
4. sanin abin da ya kamata ya tambaya kafin a yi masa allura, shi ko ɗansa.

Mu da allura

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Kunci da Tsanyawa da Bichi, mutane iri biyu ne game da allura. Akwai wanda in zazzaɓi ya kwantar da shi ya je kemis, ba ya ganin an yi masa magani sai an tsira masa allura, ƙwaya a wurinsa ɓata lokaci ce. Akwai kuma uwar da ke shige da ɗanta ƙuryar ɗaka ranar rigakafi, don ba ta iya jure kukansa, ko don ta taɓa ganin wurin allura ya kumbura har ya tara mugunya. Dukansu biyu akwai abin da za su ƙaru da shi a wannan darasi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara. Mafi yawansu na jinya ne, ba na rigakafi ba, kuma da dama daga ciki ƙwaya ko ruwan magani na sha sun wadatar a madadinsu. Haɗarin yana wurin sake amfani da allura ɗaya ko sirinji ɗaya ga mutum fiye da ɗaya. A ƙiyasin da hukumar ta bayar na shekarar 2010, ta wannan hanya kaɗai mutane kusan miliyan 1.7 suka kamu da ciwon hanta nau'in B, har 315,000 suka kamu da nau'in C, sannan kusan 33,800 suka kamu da ƙanjamau.

Mu manoman wannan yanki muna da ƙarin dalilin damuwa. Gonakinmu a bakin gidajenmu suke, ba ma barin ƙasa ta huta, taki ne ke riƙe ta. Kowane rani ana kwashe juji da shara, ana lodawa a mangala ko a amalanke ana kaiwa gona. Allurar da aka jefar a juji bayan gidan mai kemis, da damina tana iya zama a cikin kunyar gero, inda magidanci ke noma ba takalmi, yara kuma na biye da shi suna cirar ciyawa da hannu. Saboda haka duk wata dabara da za ta rage yawan tsinin ƙarfe a cikin shararmu, maganarmu ce.

Yadda fata take

Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan farko, wanda muke gani muke taɓawa, siriri ne ƙwarai, a yawancin jiki kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma babu jijiyar jini a cikinsa. Shi ne ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga, shi ne kuma ke hana yawancin magunguna shiga in an shafa su. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai kauri, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke, tare da tarin ƙwayoyin halitta masu gadin jiki. Daga nan sai kitse, sai tsoka.

Kowane magani da inda ake so ya sauka. Wani a tsoka, kamar wanda ake yi a cinya ko a ɗuwawu. Wani a ƙarƙashin fata, kamar insulin na masu ciwon suga. Wani a cikin fatar kanta, kamar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri a dantse, wanda ke barin ɗan tabo. Wani kuma kai tsaye cikin jijiya, kamar ƙarin ruwa. Aikin allura ɗaya ne: ta buɗe hanya ta kai magani inda ake so. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, shin ruwan maganin ba zai iya buɗa wa kansa hanya ba?

Zai iya. Duk wanda ya taɓa goya injin feshi ya san in ya yi ta buga famfo, iska ta matsu a ciki, ya kuma tsuke bakin, ruwan kan fito siriri da ƙarfi ya tafi nesa. In aka ninka wannan matsi sau da yawa, aka mai da ƙofar fitar ƙanƙanuwa kamar kaurin silin gashi, ruwan zai huda fata ya shige. Da haɗari aka fara lura da haka, lokacin da man injin da ya tsarto da ƙarfi daga bututu ya riƙa shiga hannun ma'aikatan masana'antu. Daga baya likitoci suka mai da abin hanyar ba da magani.

Bindigar lamba

Dattawan da suka haura shekara 60 za su iya tuna agana. Cuta ce da ke kashe kusan uku cikin kowane goma da mummunan nau'inta ya kama, wanda ya tsira kuma ta bar masa zanzana a fuska, wani ma ta makantar da shi. A 1967 aka fara gagarumin aikin kawar da ita a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya da Nijar, da taimakon hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. A tafiya ɗaya aka haɗa da rigakafin ƙyanda ga ƙananan yara.

Makamin wannan aiki wata na'ura ce mai suna Ped-O-Jet, wadda aka ƙera wa sojojin Amurka. Siffarta kamar ƙaramar bindiga, ba ta bukatar wutar lantarki. Ma'aikaci zai taka feda da ƙafa, matsi ya taru, ya ɗora bakin na'urar a dantsen mutum ya danna, maganin ya shige cikin fata nan take. Idan layi ya daidaita, ana iya yi wa mutum kusan 1,000 a awa ɗaya. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni su suka tara jama'a a ƙofar fada da kasuwanni. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 lamba a yankin, aka yi bikin cikar wannan adadi a ƙasar Nijar. A watan Mayun 1970 aka ga mutum na ƙarshe da agana ta kama a duk yankin, a nan Najeriya. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Tabon da ke dantsen iyayenmu da yawa shaidar wannan aiki ne.

Me ya sa aka ajiye ta?

Bindigar lamba tana da aibi ɗaya da ba a gane girmansa da wuri ba. Bakinta ɗaya ne, shi ke taɓa fatar kowa. Lokacin da ruwan magani ya huda fata, ɗan jini ko ruwan jiki da ido ba ya gani kan fantsamo baya ya manne a bakin na'urar, sai a ɗora ta a kan na gaba. A tsakiyar shekarun 1980, a wani asibitin rage ƙiba da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, an gano mutane da dama sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar wata na'ura irin wannan. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tabbatar da cewa haɗarin gaskiya ne. Sojojin Amurka suka daina amfani da ita a 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ja hankalin ƙasashe su bar na'urori masu baki ɗaya na kowa da kowa.

A nan babban darasinmu yake. Tsinin ƙarfe ba shi ne asalin cutarwa ba. Asalin cutarwa shi ne duk abin da ya taɓa jinin wani sannan ya taɓa jikin wani. Wannan ƙa'ida ta hau kan allurar kemis, ta hau kan askar wanzami da ƙahonsa, da rezar yankan farce, da wadda ungozoma ke yanke cibiya da ita, ta kuma hau kan kowace sabuwar na'ura komai kyanta.

Na'urar da ta riga ta iso

Masu ƙira ba su watsar da dabarar ba, gyara ta suka yi. A na'urorin yanzu, kowane mutum da nasa ɗan sirinjin roba marar allura. Ana zuƙo magani a ciki, a maƙala shi a bakin na'urar, a harba, a cire a jefar. An ƙera shi yadda ba zai sake aiki karo na biyu ba. Jikin na'urar kansa ba ya taɓa inda maganin ya shiga.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Tropis, ta kamfanin PharmaJet na Amurka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a 2018. Da sifirin take aiki, ma'aikaci ke ɗana ta da hannu, ba batir ba wuta. Tana saka magani a cikin fata, ya tada ɗan ƙulli ƙarami da ke bajewa da kansa.

Da ita ake ba da rigakafin shan inna na allura, kuma a nan akwai hikima ta biyu. Cikakken awon wannan magani a tsoka rabin mililita ne, wato 0.5. Amma da yake cikin fata cike yake da masu gadin jiki, kashi ɗaya cikin biyar na wannan awo, wato 0.1, yana tada garkuwar jiki in an saka shi a nan. Bincike ya nuna cewa ƙaramin awo sau biyu a cikin fata ya fi cikakken awo sau ɗaya a tsoka ba da kariya. Wannan ya yi amfani ƙwarai daga 2016, lokacin da maganin ya yi ƙaranci a duniya. Yin allurar cikin fata da hannu sai wanda ya ƙware, don in ya zarce kaɗan ta wuce wurin, amma na'urar kan sauke maganin a zurfi ɗaya kowane lokaci.

An yi amfani da ita a birnin Karachi na Pakistan a 2019, da kuma Somaliya. A watan Nuwamban 2022 an gwada bi gida-gida da ita a jihar Sakkwato. An kuma gudanar da bincike a wasu cibiyoyin lafiya na jihohin Kano da Oyo don ganin yadda za ta shiga cikin rigakafin yau da kullum. Ke nan wannan ba labarin nesa ba ne. Ya kamata mu tuna cewa a watan Yulin 2014, a ƙaramar hukumar Sumaila, aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Amma akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ya sa har yau ba a tsaya ba.

Harba magani da hasken leza

Leza haske ne da aka tattara shi wuri ɗaya, ya zama siririn zare mai ƙarfi. Da irinsa likitocin ido da na fata suke wasu ayyukansu. Masana sun gano cewa za a iya sa shi ya maye gurbin feda da sifirin.

A 2012 Farfesa Jack Yoh da abokan aikinsa na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, a Koriya ta Kudu, suka bayyana wata na'ura mai ɗaki biyu. A ɗaki na farko ruwa ne zalla, a na biyu magani, tsakaninsu wata 'yar fatar roba mai lanƙwasa. Ga yadda abin ke faruwa. Ana haska leza cikin ruwan na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Inda hasken ya sauka sai ruwan ya tafasa nan take, kumfar tururi ta taso. Tururi ya fi ruwa cin wuri nesa ba kusa ba, don haka kumfar ta tura fatar robar, ita kuma ta matse maganin, ya tsarto ta wata ƙofa mai faɗin da ya ɗara silin gashi kaɗan, ya shige fata. Hasken ba ya taɓa jikin mutum, ba ya kuma taɓa maganin. Sun gwada ta a fatar ɓeran masar, maganin ya shiga ba tare da ya lalata naman da ke kewaye ba.

A Jami'ar Twente ta ƙasar Holan, Farfesa David Fernandez Rivas ya bi wata hanyar. Shi yana amfani da ƙaramin leza mai sauƙin kuɗi, yana ɗumama ruwan a cikin wani siririn bututun gilashi har kumfa ta taso ta wurgo ɗigo ɗaya da gudun da ya kai kilomita 100 a awa.

Me leza ya fi sifirin da shi? Sifirin in an sake shi, ƙarfinsa ɗaya ne ga kowa. Shi kuwa haske ana iya rage shi ko ƙara shi, a kuma maimaita shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Da haka ake fatan a riƙa auna zurfi da yawan magani daidai da fatar kowane mutum, domin fatar jariri ba ɗaya take da ta manomin da ya shekara 40 yana shan rana ba. Ɗigon kuma ƙanƙane ne, yana shiga da sauri, saboda haka zafinsa kaɗan ne. Masu ciwon suga da ke tsira wa kansu allura kullum suna cikin waɗanda za su fi amfana in aikin ya kammala.

Amma akwai sauran aiki. Abin da ɗigo ɗaya ke ɗauka kaɗan ne ƙwarai, magani mai yawa ko mai kauri yana da wuyar harbawa. Na'urar na bukatar wuta ko batir, ga tsada, ga bukatar mai gyara, mu kuwa mun san halin wuta a cibiyoyin lafiyarmu na karkara. Ba za ta maye gurbin ƙarin ruwa ko ƙarin jini ba. Kuma ita ma dole ƙa'idar nan ta hau kanta: kowa da nasa baki. A yanzu rigakafi da leza yana matakin bincike, bai shigo jadawalin rigakafin yaranmu ba. Duk wanda ya zo kasuwa ko ya bi gida-gida yana cewa yana maganin cuta da allurar haske a biya shi, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya.

Tambaya haƙƙi ce

Mutanen Kano suna da dalilin yin tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a birnin Kano, abin da ya kai ga shari'a, aka sasanta a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda zargi, har zuwa tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta shanye ƙafafun yara da yawa ta tsallaka wasu ƙasashe. Abu na farko ya koya mana kada mu miƙa ɗa ba tambaya. Na biyu ya koya mana cewa rufe ƙofa ma yana da tasa hasarar, kuma yara ne ke biya. Hanyar da ta dace ita ce a tambaya, a saurari amsa, a duba da ido.

Karatu: a wurin rigakafi

Uwa: Sannu da aiki, Malama. Wannan abin da ke hannunki fa? Ban ga allura ba.

Ma'aikaciya: Yauwa, sannu Maman jariri. Rigakafin shan inna ne, na'urar ce ke tura shi cikin fata ba tsini.

Uwa: To wannan robar ta bakinta, ita kika sa wa yaron da ya fita yanzu?

Ma'aikaciya: A'a, tasa tana cikin akwatin can. Ga taki sabuwa, duba, a gabanki zan ɓare ledar.

Uwa: Madalla. In wurin ya tashi fa?

Ma'aikaciya: Zai yi ɗan ƙulli, kada ki murza, kada ki shafa komai, zai baje. In jikinsa ya yi zafi sosai ko wurin ya yi ta kumbura, ki dawo da shi. Kawo katinsa in rubuta miki ranar dawowa.

Uwa: Allah ya saka da alheri, Malama.

Abin riƙewa

Magani na iya ratsa fata da ƙarfin matsi, ko matsin ya fito daga feda, ko sifirin, ko hasken leza. Kowace hanya aka bi, abin da ya taɓa jikin wani kada ya taɓa naka. Kafin allura, tambayi sunan maganin da amfaninsa, ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka, ka ga an jefa shi a akwatin da aka tanada, ba a juji ba. In ma'aikacin lafiya ya ce ƙwaya ta isa, kada ka matsa sai allura. Kada kuma a saki reshe a kama ganye: allurar rigakafin da ke asibitin garinmu yau, in sabuwa ce kuma a hannun wanda ya koya, tana kare yaro daga ƙyanda da mashaƙo da shan inna. Ba a jinkirta ta don jiran na'urar da ba ta zo ba.

Tambayoyi

1. Ambaci wurare huɗu da ake saukar da magani a jiki, da misali ɗaya na kowanne.
2. A wace shekara aka fara aikin kawar da agana a Afirka ta Yamma, kuma yaushe aka ga mai ita na ƙarshe a Najeriya?
3. Wane aibi ne ya sa aka ajiye bindigar lamba? Yaya na'urorin yanzu suka gyara shi?
4. Bayyana da kalmominka yadda hasken leza ke tura magani cikin fata.
5. Ta wace hanya allurar da aka jefar a juji ke iya cutar da manomi?

Lissafi

Kwalba ɗaya tana ɗauke da mililita 5 na rigakafin shan inna. Yara nawa za ta isa in kowane yaro zai sami 0.5? Yara nawa za ta isa in kowane zai sami 0.1? In unguwarku na da jarirai 150, kwalba nawa ake bukata a kowace hanya?

Aikin gida

1. Nemi dattijo ko dattijuwa mai tabon lambar agana, ka roƙe shi ya ba ka labarin ranar da aka yi masa. Rubuta jimla biyar daga abin da ya faɗa, ka karanta wa aji.
2. Ku kasu rukuni-rukuni, ku ziyarci cibiyar lafiya mafi kusa, ku tambayi ranakun rigakafi da yadda suke zubar da allurar da aka yi amfani da ita.
3. Ɗauko katin rigakafin ƙaramin yaron gidanku, ka karanta ranakun da ke ciki. In akwai wadda ta wuce ba a je ba, a kai shi a wannan makon.